Yadda na bi sawun shugabannin sashen lafiyar al'umma daga asibitin ƙauyenmu

Ni ma'aikacin lafiya ne a wani ɗan asibitin ƙauye ta wajen Ringim, duk shekara ɗaliban likitanci na wata jami'a suna zuwa mana su yi 'yan makonni, su shiga gida-gida su duba rijiya da masai su auna yara. Bara sabuwar shugabar sashen lafiyar al'umma nasu ta kira ni tace so take a rubuta tarihin sashen, wa ya riƙe daga yaushe zuwa yaushe kuma me ya bari, wai in taimaka da abin da ke hannunmu don nasu fayilolin gara ta ci wasu, wasu kuma sun ɓata garin sauya ofis.

Na ɗauka aikin kwana biyu ne, wallahi sai da na yi wata uku. Na fito da tsofaffin rijista daga sito, ga ƙura ga kashin ɓera, ina bin wasiƙun turo ɗalibai ɗaya bayan ɗaya ina duba sa hannu da hatimi, da haka na jera sunaye da shekaru. Amma sunayen ba su gaya min komai ba sai da na je wajen Baba, tsohon duba-garinmu da ya yi makarantar tsafta ta Kano. Shi bai riƙe sunan kowa ba, abin da ya riƙe shi ne wane ya zo da kansa ya cire takalmi ya zauna a tabarmar dagaci, wane kuma direba kawai ya aiko da takarda. Yace min ɗana, lokacin da aka dakatar da rigakafin shan inna a Kano a 2003 mutanenmu ma nan sun tsorata, ko ƙofa ba a buɗe wa ɗalibai, shugaban sashen na lokacin ne ya zo ya wuni da limamai yana amsa tambaya har la'asar, bai raina tambayar kowa ba. Wannan babu shi a kowace takarda kuma shi ya fi taɓa ni.

A wajen binciken ne ma na san marigayi Farfesa Umaru Shehu, wanda ya rasu a 2023, ya shugabanci irin wannan sashe a Jami'ar Ahmadu Bello Zariya, kuma 'yan Zariya Yakawada suke zuwa, 'yan Bayero kuma Kumbotso, ashe kowace makaranta da ƙauyenta.

Abin da na koya, duk sanda aka sauya shugaba ba a bar bayani a rubuce ba mu ne muke ji a jika, a sake kawo tambayoyin da matan nan suka amsa bara, su gaji su daina fitowa. Na faɗa wa Hajiya shugabar sashen haka ƙarara, tace in saka a rahoton. Yanzu na sayi babban littafi na ajiye a durowa, duk ayarin da ya zo sai malaminsu ya rubuta abin da suka yi da alkawarin da suka ɗaukar wa gari, dagaci ya sa hannu a ƙasa kafin motarsu ta tashi.