Tarihin Rayuwata, Kashi na 14: Jinin da Baffa Ya Ce Tsargiya Ce

A makon jiya na tsaya ne a inda aka kawo ni gida ranga-ranga, bayan da motar yashi ta bangaji ɗan acaɓan da ya ɗauko ni muka watse a kan kwalbati, shekara biyu kafin gwamnatin Kano ta hana acaɓa a 2013. Ba ni da rauni a waje in ban da ƙujewa a gwiwar hannu, sai dai kwiɓina na hagu, wanda ya daki gefen kwalbatin, yana mini zugi har ba na iya jan numfashi sosai.

Da magariba na zaga bayi, sai na ga fitsarina ja wur kamar zoɓo. Na gaya wa Inna, ita kuma ta kai maganar wurin Baffa, wanda tun rasuwar mahaifinmu ba a yanke komai a gidan sai da shi. Ko tashi daga kan buzunsa bai yi ba, ya ce: "Tsargiya ce. Wa ya tashi a garinmu bai yi ta ba? A ba shi jiƙo, gobe maɗori ya duba haƙarƙarin." Gaskiya ne na yi tsargiya ina yaro, lokacin da muke wanka a kududdufi, amma jinin tsargiya a ƙarshen fitsari yake ɗigowa, wannan kuwa daga farko har ƙarshe ja ne, har da gudaji. Na ce, "Baffa, ku yi haƙuri, wannan daban ne." Ya ce yaran yanzu raki ya yi musu yawa.

Washegari maɗori ya murza mini wurin da man shanu, na yi ta ihu, aka kuma sayo mini diclofenac a kemis ina sha sau uku a rana. Sai daga baya na san cewa irin wannan magani yana rage jinin da ke isa ƙoda, yana kuma iya hana jini saurin tsayawa. A dare na biyu jiri ya kayar da ni a tsakar gida, gumi mai sanyi ya rufe ni, Yaya ta buɗe tafin hannuna a hasken fitila ta ga ya yi fari fat. Ba ta nemi izinin kowa ba, ta kira mijinta ya zo da mota. Ɗan kunnenta na zinare, na lefenta, shi ya biya kuɗin hoton da aka yi mini, kuma har yau ban iya maye mata irinsa ba.

A babban asibiti aka sa mini ruwa, aka yi sikanin, sannan aka yi hoton siti (CT), mai nuna cikin jiki dalla-dalla, bayan an zuba wani ruwa ta jijiya domin ƙodar ta fito sarai. Likitan ya ce ƙodata ta hagu ce ta tsage, ya zana mana a bayan takardar magani. Ya ce ƙoda tana can baya ne, ƙarƙashin haƙarƙari biyu na ƙarshe, kuma kusan kashi ɗaya cikin biyar na jinin da zuciya ke harbawa ta ƙodoji yake bi, shi ya sa in ta tsage take zubar da jini mai yawa. Kitse da wani tantani sun lulluɓe ta, jinin sai ya taru a cikin wannan jaka inda ido ba ya gani. Ya ce raunin mataki biyar ne, nawa na uku, wato tsagar ta wuce santimita ɗaya amma ba ta kai inda fitsari ke taruwa ba. Abin da ya fi girgiza ni shi ne da ya ce yawan jinin da ke cikin fitsari ba ya nuna girman raunin, domin akwai wanda babbar jijiyar ƙodarsa za ta katse, amma fitsarinsa ya fito fari tas.

Na zaci tiyata za a yi, sai ya ce a'a. Jinin da ya taru shi ke danne tsagar, in aka farka tantanin ba dole ba zai iya ɓallewa har a rasa mafita sai cire ƙodar. Don haka aka kwantar da ni ba motsi, aka sa robar fitsari saboda gudajin jini, ana auna bugun zuciya da yawan jinina dare da rana. Leda biyu aka ƙara mini, ɗaya ta mijin Yaya, ɗaya ta ƙanena. Likitan ya ce da jinin ya ci gaba da sauka, sai dai a shiga ta jijiyar matsematsi da siririyar roba a toshe jijiyar da ke zuba, a inda ake da kayan aikin, ko kuma a yi aiki.

A rana ta huɗu Baffa ya zo dubiya, ya kalli robar da jakar fitsarin, ya ce da kwanciya ce kawai ai da a gida ma na kwanta. Ban tanka ba, domin ba a haka aka rene mu ba, amma maganar tana nan a raina. A gadon da ke kusa da nawa akwai wani dattijo da jini ya taru a gefen ƙodarsa ba tare da ya faɗi ko an buge shi ba, maganin tsinka jini na warfarin da yake sha saboda zuciya ne ya jawo, kuma na ji an ce wani ƙari a ƙoda ma kan fashe ya yi haka. Ina ma Baffa ya tsaya ya ji labarinsa.

Shekaru bayan haka ɗana na biyu ya dawo daga ƙauye yana fitsarin jini. A ranar na kai shi aka auna fitsarin, aka ga tsargiya ce ta gaske, aka ba shi praziquantel ya warke. Lokacin Baffa ya rasu, Allah ya jiƙansa, bai kuma taɓa cewa ya yi kuskure a kaina ba. Na yafe masa, amma duk sanda na ji wani babba ya ce "tsargiya ce" ba tare da awo ba, sai gabana ya faɗi.

A asibitin kuwa, kwana goma sha ɗaya na yi kafin fitsarin ya washe aka sallame ni, da sharaɗin kada in ɗaga kaya mai nauyi, domin jinin kan iya dawowa a makonnin farko, kuma in riƙa auna hawan jini, saboda jinin da ya daskare in ya matse ƙoda yakan haifar da shi. Ni kuwa sana'ata a kasuwar Kantin Kwari ɗaukar dilar atamfa ce. Yadda na rasa wurina a shagon, da abin da Baffa ya ce wa maigidana, shi zan kawo a mako mai zuwa in Allah ya kai mu.