Lissafin mako shida a kiwon zuma

Mu masu kiwon zuma a Kaduna da lissafin kwanaki muke aiki. Idan fure ya yi yawa, ƙudan da ke aiki a amya ba ya wuce mako shida a duniya. Kusan mako uku na farko a ciki yake yin su, yana shara, yana ciyar da tsutsa, wato 'ya'yan ƙuda da ba su yi fukafukai ba, yana gina saƙa. Sauran kwanakin a daji yake yin su, har fukafukansa su zaizaye ya kasa komowa. Kafin nan kuma sai ya yi kamar kwana 20 daga ƙwai zuwa ƙyanƙyashewa.

Haɗa kwana 20 da mako uku, ka ga kusan mako shida ke nan tsakanin ƙwai da fitar farko. Ƙudan da zai ɗebo ruwan furen kaɗanya da mangwaro a Janairu, tun ƙarshen Nuwamba ko farkon Disamba sarauniya ta saka ƙwansa. Wanda ya jira sai ya ga fure kafin ya duba amya ya makara.

A Turai, ƙudan da aka ƙyanƙyashe gab da sanyi yakan kai wata shida. Ba wani jinsi ba ne daban da ƙudan da aka ƙyanƙyashe lokacin fure. Renon tsutsa ne ke cinye jikin ƙuda, to da sarauniya ta daina ƙwai sai ya tara kitse da wani sinadarin gina jiki, bitelojenin, wanda ke jinkirta tsufa. Mu nan lokacin yunwarmu markar Agusta ce: ruwa ya wanke fure, ƙuda ya kasa fita, sarauniya ta rage ƙwai. Namu kuwa ba ya zaman jira kamar na Turai. Abinci na ƙarewa zai yi ƙaura, a wayi gari amya wayam.

Shi ya sa muke ba da ruwan sukari a marka, kilo 1 a lita 1 na ruwan da aka tafasa ya huce. Da yamma ake sa shi, a cikin amya, daidai abin da za su shanye cikin kwana biyu. Idan ya daɗe sai ya yi tsami, ya jawo tururuwa da ƙudan wata amyar su zo sata. A daina da zarar fure ya buɗe, don kada sukari ya shiga zumar sayarwa. Wannan amana ce tsakaninmu da mai saye.

Tsutsa tana son zafin digiri 35 dare da rana. A daren hunturu ƙuda kan dunƙule a kan saƙa yana kaɗa tsokar ƙirji don samar da ɗumi, kuma zuma yake ƙonawa. Duk kafar da iska ke shiga asarar zuma ce, sai a toshe, a kawar da ƙofa daga arewa maso gabas. A bazara kuma ruwa yake ɗebowa ya yi fifita da fukafukai. A ajiye masa kasko kusa, da duwatsu a ciki don kada ya nutse, amya kuma ta zauna a inuwa.

Wajen yankan zuma a Maris da Afrilu, saƙar da aka rufe da kaki kaɗai ake ɗauka, don wadda ba a rufe ba ruwa ya yi mata yawa, za ta yi tsami. Saƙar tsutsa ba a taɓa ta, kuma a bar saƙar zuma biyu ko uku a gefenta saboda Agusta.