Hasumiyar Dumaguete

Asabar da dare.

'Yar Gombe ta yi barci tun ɗazu, ko hijabi ba ta cire ba. Ni kuwa ga gajiya har cikin ƙashi, amma barci ya ce bai san zancen ba. Wata 'yar magana ce ta tsaya mini a maƙogwaro tun magariba, in ban fito da ita a nan ba haka zan kwana ina juyi.

Tun kafin asuba muka bar Sebu, birnin da muke karatu a ƙasar Filifin, ni da ita da Inday, ƙawarmu 'yar ƙasar. Hutun nan dai Inday ta rantse sai mun taka garinsu Dumaguete, ta gaji da gorin da muke yi mata cewa kullum sai labari. Bas ya miƙe kudu yana bin gaɓa, teku a hagunmu, tsaunuka a dama. Wajen Boljoon da Oslob na riƙa hango wasu kangaye na dutse a bakin ruwa, gajeru masu kauri, ciyawa ta tsiro a kansu. Inday ta ce wani fada ɗan Sifen, Julian Bermejo, shi ya jera su a farkon shekarun 1800, in ta nan ta hango abu sai ta yi wa ta gaba alama, kafin ka ce kwabo labari ya bi gaɓar duka. Na ce hango me? Ta ce 'yan fashin teku, ta koma kan wayarta.

A Liloan muka shiga jirgin ruwa. 'Yar Gombe ta damƙe mini hannu har ya yi shati, duk addu'ar da ta sani sai da ta karanto, har da ta shiga kasuwa. Rabin sa'a ne fa kawai zuwa Sibulan.

Karin kumallo a kasuwar gari, a layin rumfunan da suke kira painitan. Dogayen benci, tukwane na ta tururi, kowa na kiranka ka zauna a wajensa. Abin da aka san su da shi budbud kabog, wani dangin gero ne mai ƙananan ƙwaya da ake dafawa da madarar kwakwa da sukari, a naɗe a ganyen ayaba, siriri, tsawonsa bai wuce tafin hannu ba. Ka warware ganyen ka tsoma a kofin cakulan mai kauri da zafi. Na ci har na ji kunya, na kuma sa aka ƙulle mini wani. Ga shi ba fargabar alade, wanda a ƙasar nan ba ƙaramin hutu ba ne.

Daga nan Silliman. Ku da kuka sha jin Inday tana cika baki da jami'ar da babanta ya yi, to yau na gani, kuma ba ta yi ƙarya ba. 'Yan mishan na Amurka ne suka buɗe ta a 1901 da yara maza 15, David Hibbard shi ne shugaban farko, kuɗin kuma wani attajiri ne daga jihar New York, Horace Silliman, ya bayar. Manyan itatuwa ɗaruruwa sun haɗe kai a sama, ka yi ta tafiya rana ba ta taɓa ka ba. Tsohon ginin katakon nan, Silliman Hall, yana tsaye yana kallon teku, wasu ƙarafansa ma daga wani tsohon gidan wasan kwaikwayo na New York aka kwaso su. Garin gaba ɗaya mutanensa ba su kai dubu 150 ba, amma jami'o'i huɗu ne a ciki, shi ya sa duk inda ka juya sai ɗalibi da kati a wuya, duk shago ko na kwafin takardu ne ko na kofi. 'Yar Gombe ta ce da ta sani nan ta nemi gurbi. Na ce da a nan kike da ba ki ci jarrabawa ko ɗaya ba, iskar nan ta barci ce.

Azahar da la'asar a gidan gwaggon Inday. Ta shimfiɗa mana sabon tawul, ta kashe talabijin, ta kori jikokinta waje ba tare da mun roƙa ba. Allah ya saka mata. Har yau in na tashi salla sai jikina ya nemi gabas, sai na tuna a nan yamma ake fuskanta.

To, ga inda zancen yake.

Da rana ta yi sanyi Inday ta kai mu hasumiyar da ke gefen babban cocin garin, tsallaken Quezon Park. Gini ne na dutsen murjani da aka yi don hango maharan teku, ya haura shekara 200, ƙasansa faɗi, samansa akwai ƙararrawa. A gindinsa an yi wani ɗan kogo da mutum-mutumin Maryamu, mutane na kunna kyandir, narkakken kakin ya taru ya daskare launi-launi. Tsofaffin mata na zaune da kyandirori a tire suna sayarwa. Ɗaya daga cikinsu, 'yar ƙarama, haƙoranta na gaba biyu kacal, ta miƙo mini ja da fari tana cewa, "Day, na jarrabawa ne, kunna ki ci." Na yi dariya na ce, "Na gode, Nang, ni Musulma ce." Ta dubi hijabina, ta dubi hasumiyar, sai ta tuntsire da dariya ta daki cinyar ta kusa da ita, ta faɗi wani abu da Bisaya, yarensu, da sauri. Duk suka kwashe. Inday ta yi kamar ba ta ji ba. Na ce sai ta fassara. Da ƙyar ta ce, wai tsohuwar cewa ta yi, don ku aka gina wannan, ga shi yau kun iso ba wanda ya kaɗa ƙararrawa.

Wallahi ni ma dariya na yi, kuma har zuciya, don maganar ta yi ma'ana. Tsohuwar ta kama bakin hijabina ta murza yadin tsakanin yatsunta, ta ce mai kyau ne, nawa na saya, ba na jin zafi? Ta tambayi garinmu, na ce Najeriya, ta ce akwai nisa da Saudiyya? 'Yarta na aiki a can. Muka rabu tana ɗaga mana hannu. Da a nan abin ya tsaya, da yanzu na yi nisa a barci.

Da magariba muna zaune a bakin teku, titin Rizal Boulevard, inda José Rizal, gwarzon ƙasar, ya ɗan yada zango a 1896 a hanyarsa daga zaman gudun hijirar Dapitan, shekarar da aka harbe shi a Manila. An jera ƙananan kujerun roba, ana soya ƙullin kifin nan da suke kira tempura ana tsirawa a tsinke, tsibirin Siquijor yana can baƙi-baƙi a tsallake. Inday ta yi shiru tun daga hasumiyar. Can sai ta dafa ni ta ce, "Kada ki sa maganar tsohuwar nan a ranki, day. Ba irinku take nufi ba. Ku ai daban ne, ku mutanen kirki ne. Na Mindanao take nufi."

Tsinken na hannuna, na rasa ta cewa.

Inday fa. Wadda ta kwana a kaina a asibiti lokacin zazzaɓin dengi. Wadda in za mu ci abinci a waje ita ke shiga kicin ta tambayi da wane mai aka soya. Ba ta faɗa don ta ɓata mini ba, lallashina take yi, iyakar abin da ta ga zai sanyaya mini rai ke nan. Kuma shi ne ya fi yi mini ciwo. Tsohuwa ta haɗa ni da su ta yi dariya, ban ji komai ba. Ƙawata ta cire ni daga cikinsu don ta mutunta ni, sai na ji kamar an ba ni kujera a falo an bar 'yan uwana a rana.

Don "na Mindanao" ɗin nan, wato Musulmin kudancin ƙasar, ni na san su. Hajiyar titin Colon na Sebu ce, wadda ke sayar da mayafai da rigunan waya, wadda duk azumin bara ba ranar da ba ta aiko mana da shinkafa da kaza a ganyen ayaba da yajin nan nasu na palapa ba, ko sisi ba ta taɓa karɓa ba. Daga Marawi ta fito a 2017, lokacin da aka yi wata biyar ana ruwan wuta a garin, ta bar gida da shago ta zo Sebu da abin da hannu zai iya ɗauka. Su ne matan da muke sahu ɗaya da su ranar Idi, masu matsa mana wuri. In an ce ni daban ce, daban da wa?

Amma kuma ba zan zauna in ce hasumiyar ƙarya ce ba. Kwas ɗin tarihin Filifin da aka tilasta mana a shekarar farko, wanda muka yi ta tsaki a kansa, yau ya dawo mini tiryan-tiryan. An yi harin, ba sau ɗaya ba, ba shekara ɗaya ba. Iranun da Balangingi, wasu ƙabilun Musulmi, kan taso daga kudu a dogayen jirage masu matuƙa da yawa in iskar damina da suke kira habagat ta kaɗo, su faɗa wa ƙauyukan gaɓa, su kwashi maza da mata da yara, a kai su tsibirin Jolo da ke yankin Sulu a sayar. Da yawansu a ruwa suka ƙare rayuwa suna nutso neman lu'ulu'u da kayan teku da ake kai wa Sin. Sai a 1848 da Sifaniyawa suka zo da jiragen yaƙi masu tururi suka rushe sansanin Balangingi abin ya fara lafawa. Mai tsaye a saman hasumiyar nan yana zura ido a teku ba wasa yake ba, 'ya'yansa yake tsaro. Wataƙila kakar kakar mai kyandir ɗin ta taɓa gudu daji da goyo don jin ƙararrawar.

Ɗaya ɓangaren kuma ba a gina masa hasumiya a nan ba. Kafin Legazpi, jagoran mamayar Sifen, ya sauka Sebu a 1565 akwai sarautar Musulunci a Sulu, Manila kanta a hannun Raja Sulaiman take har aka ƙwace ta a 1571. Shekara 300 Sifen na kai yaƙi kudu, kuma da mutanen tsibiran nan na Bisaya take cika jiragenta, su ne sojan, su ne matuƙan. Da Amurka ta karɓa ba ta sauya zani ba: a 1906, Silliman na da shekara biyar ana koya wa yara karatu a ƙarƙashin inuwa, sojojinta suka kashe ɗaruruwan mutane a ramin dutsen Bud Dajo a Jolo, har da mata da ƙananan yara. Inday ta san labarin hasumiya tun tana goye. Bud Dajo kuwa a aji ɗaya muka ji shi ni da ita, ta rubuta a jarrabawa ta wuce.

Abin ya tuna mini da Kaka, Allah ya jiƙanta, in tana ba mu labarin Ningawa, yadda suke faɗo wa ƙauyukan kudancin Kano su kwashi mutane, muryarta har rawa take kamar jiya aka yi. Ban taɓa jin ta ba da labarin waɗanda namu suka kamo aka kai Kasuwar Kurmi ba. Ba ɓoyewa take ba, ita ma iyakar wanda aka ba ta ke nan.

Me na ce wa Inday? Na ce, "Hajiyar Colon ma 'yar Mindanao ce." Ta yi saurin cewa, "Ai ita ma daban ce." Sai ta ji abin da ta faɗa, ta yi shiru, ta sunkuyar da kai tana wasa da tsinke. 'Yar Gombe ta harare ni ta ce da Hausa, ke dai ba ki iya cin abinci ki yi shiru ba, yarinya ta kawo mu garinsu ta ciyar da mu. Na ce ai ban ce komai ba. Ta ce fuskarki ta ce.

Mun tako gida ba mai magana, sai ƙarar babura masu akwati a gefe da suke kira pedicab, ko feda babu a jikinsu. A ƙofa Inday ta saya mana silvanas, biskit ɗin nan mai sanyi da man shanu a ciki da garin ke alfahari da shi, ta ba ni nawa biyu. Na san ban-haƙuri ne. Na karɓa na cinye, don ni ba na fushi da abinci. Ko za mu sake tayar da zancen, ko za a bar shi ya bi ruwa, oho. Ina jin motsinta a ɗakin gwaggo, ita ma ba ta yi barci ba.

Umma ta kira, layi na yankewa. Tambayarta ɗaya, kin ci abinci? Na ce har da gero. Ba ta yarda ba.

Takalmin da na saya a Colon ya fara buɗe baki. Rahoton asibitin nan ko layi ban rubuta ba, Litinin ake karɓa.

Gobe Inday na so mu tsallaka Siquijor da jirgin safe. 'Yar Gombe ta ji an ce tsibirin bokaye da masu asiri ne, ta ce ko da kuɗi aka haɗa ta ba za ta ba, ruwa ɗaya ya ishe ta a mako. Na ce to ki zauna ki taya gwaggo yanka albasa. Ta ce ta yarda.