Godiya: an sallamo Baba

Jama'a, an sallamo Baba daga asibiti jiya da yamma. Yanzu haka yana kishingiɗe a ɗakin yara yana mitar wai kunun da na dama masa ya yi ruwa, to kun ga sauƙi ya samu. Kwana 12 rabona da barcin kirki, wanda na manta da shi a nan ya yi mini aikin gafara.

Kun riga kun ji komai, ba sai na maimaita ba. Masu tambayar me ya kai tsoho tsakiyar fadama cikin wannan iska kuwa, shi ya matsa. Mutumin da ya tashi a gindin majami'ar Wusasa mai ginin ƙasa, tunda ya sauka Ingila bai taɓa zancen kanti ba, shi dai a kai shi tsofaffin majami'un ƙauye. Shi ya sa muka nufi Romney Marsh, can bakin teku a yankin Kent. A Brookland har dariya ya yi ta yi, wai ina aka taɓa ganin hasumiyar ƙararrawa ta katako zaune a ƙasa gefen coci kamar rumbu.

A Fairfield abin ya same mu. Majami'ar St Thomas Becket ita kaɗai ce tsaye a fili, ƙauyenta ya ɓace tuntuni, sai tumaki da magudanan ruwa. Kafin a yi mata hanya a 1913, in ruwa ya cika da kwalekwale ake zuwa sujada. Mun fito ke nan na kulle ƙofa, Baba ya dafe ƙirji ya zauna a ciyawa. Na buga 999, lambar agajin gaggawa, ana tambayata ina muke, bakina ya ƙi buɗuwa. Ba lambar gida, ba sunan titi, sai tumaki sun zuba mana ido.

Wata dattijuwar Baturiya mai yawo da kare ce ta karɓi wayar daga hannuna ta yi musu kwatance. Ta tuɓe rigar sanyinta ta lulluɓe Baba, ita ta zauna tana rawar ɗari. Da ta ga leɓensa na motsi ta tambaye ni me yake faɗa, na ce Zabura ta 23 ce da Hausa. Sai ta kama da Turanci, a hankali, tana riƙe da hannunsa, har ma'aikatan motar asibiti suka ratso filin da ƙafa. Ko sunanta ban tambaya ba. Mama, duk inda kike, Ubangiji ya lulluɓe ki yadda kika lulluɓe mahaifina, ya ba ki mai riƙe hannunki ranar da kike bukata.

Na san ba a ware mutum a godiya, amma Alhaji maƙwabcinmu, yau sai ka yi haƙuri. Cikin dare a asibitin Ashford na laluba jaka na ji ƙaton makullin cocin nan na ƙarfe, ashe da shi na taho. Alhaji ne ya ɗauki mota da asuba ya mayar da shi gidan da ake ajiye shi, Hajiya kuma ta riƙe mini yara mako guda cur. Allah ya saka muku da alheri, ya raya zuriyarku, ya kai ku Makka sau da yawa. Likitoci da nas-nas, Baba Fasto, zumuntar mata ta nan da ta gida da kuka yi azumi dominmu, Gwaggo da kike kira daga Zariya kullum ƙarfe biyar: Ubangiji ya tsare fitarku da shigarku, kada ya nuna muku irin wannan rana, cikin sunan Yesu. Amin.

'Yan uwa na Landan, saƙonninku sun iso, mun gode. Jirgin ƙasa daga St Pancras zuwa Ashford dai bai kai minti 40 ba. Baba ya tambaya sau biyu, na ce aiki ne ya riƙe ku.

Masu son gaishe shi, don Allah a bari sai bayan azahar, da safe yana shan magani ya koma barci. Kuma kada wanda ya biye masa a kan zancen majami'ar garin Lydd. Tun a gadon asibiti yake lissafin wai saura wannan majami'ar ba mu gani ba.