Larabar Toka a Cikin Watan Azumi

Dubai, Laraba, 5 ga Maris, 2025

Yau Musulmin ƙasar nan suka kai azumi na biyar, tun da ranar Asabar aka ɗauka, mu Kirista kuma yau ce Larabar Toka, wadda da ita muke shiga kwanaki arba'in na azumi da tuba kafin Ista. Ƙarar tukwanen maƙwabtanmu na sama ce ta tashe ni tun kafin ƙarfe biyar, suna shirin sahur, sai na kwanta ina tuna Wusasa ta Zariya, inda na girma. A can watan azumi ba ya neman izini kafin ya shigo gidan Kirista, domin kunun tsamiya da ƙosai ta kan katanga suke tsallakowa, kuma da an kai azumi goma 'yan tashe ba sa tsallake ƙofarmu.

A nan kuwa ta hanyar doka da jadawali azumin ya fara iske mu. Dokar ƙwadago ta rage wa ma'aikata awa biyu a kullum, mai azumi da marar azumi, saboda haka maigida ya dawo tun ƙarfe uku. Makarantar yara ma ta rage lokaci, an kuma ware wa waɗanda ba sa azumi ɗakin da za su ci abincinsu. Autarmu ta dawo da nata ba ta taɓa ba, wai ƙawarta tana azumin rabin yini, ita kuma ba za ta bar ta ita kaɗai ba. Ban yi mata faɗa ba.

Tun shekarar 2021 aka daina tilasta wa gidajen abinci rufe tagoginsu da labule da rana, kuma na ga mutane suna cin abincinsu a kantin unguwarmu hankali kwance. Duk da haka, da ƙishirwa ta kama ni a tashar bas, na kasa fito da gorar ruwa daga jaka, saboda kusa da ni akwai wani lebura da leɓɓansa suka bushe. Ba doka ce ta hana ni ba, kunyar da aka raine mu da ita ce.

Da yamma muka je coci a unguwar Oud Metha aka shafa mana toka a goshi, a hanyar dawowa kuma cunkoson gab da magariba ya rutsa da mu, lokacin da kowa ke gaggawar isa gida. A bakin wani masallaci an shimfiɗa leda doguwa a ƙasa, ma'aikata 'yan Indiya da Pakistan da Bangaladesh sun zauna sahu-sahu, gaban kowa dabino da lemo da nono da shinkafa, ba mai taɓa komai, duk suna jiran kiran salla. Wannan shirun nasu ya fi komai tsaya mini a rai yau.

A wurin fitilar ba da hannu wani saurayi daga cikin masu rabon kayan buɗa-baki ya miƙo mana kwali huɗu ta taga. Maigida ya nuna masa gicciyen tokar da ke goshinsa, ya ce mu ba Musulmi ba ne, gara ya ba masu azumi. Saurayin ya yi murmushi, ya ajiye kwalayen a cinyar babban ɗanmu, ya wuce mota ta gaba. Da aka kira salla wajen ƙarfe shida da rabi saura, muka ci dabinon a cikin mota, ni ma da shi na karya nawa azumin.

Mun iso gida ba da jimawa ba maƙwabciyarmu 'yar Sudan ta ƙwanƙwasa ƙofa, ɗauke da kwanon asida da tulun hilu-mur, abin shan da suke yi da tsiron dawa da kayan yaji. Na ce mata, “Hajiya, an sha ruwa lafiya?” Ta amsa da 'yar Hausar da ta tsinta a bakin kakarta, muka yi dariya. Kwanonta yana nan a kicin na wanke shi, kuma tun da ba a mayar da kwano fanko, na jiƙa wake, gobe kafin la'asar zan soya ƙosai.