Digiri 95 a ɗakin tace bidiyo

Sana'ata tace bidiyo ce a nan Kano: bukukuwan aure, tallan ƴan kasuwa, wani lokaci taron makaranta. Shekara biyar ina fama da laftop, har ta kai idan na sa bidiyon biki ya fita, sai in je masallaci, in ci abinci, in dawo in tarar bai kai rabi ba. A ƙarshen 2023 na tattara abin da Allah ya hore na ce zan haɗa kwamfutar tebur da hannuna. Ƙanena ya ƙara ɗan abin da yake da shi, da sharaɗin in dare ya yi tasa ce, ya buga gem.

A kan furosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfutar, muka fara saɓani. Shi ransa na kan Ryzen 7 7800X3D na kamfanin AMD, kuma yana da hujja. Ƙwayoyin aikinsa, wato ƙananan ma'aikatan da ke cikinsa, takwas ne kacal, amma an ɗora masa ƙarin ma'ajiyar kusa har ta kai megabait 96, wadda ke sa bayanan gem su zauna dab da ƙwayoyin, ba sai an riƙa zuwa ram, babbar ma'ajiyar wucin gadi ta kwamfuta, ana ɗebowa ba. Gem ba ya buƙatar ma'aikata da yawa, abin da yake so kada a sa shi jira. Ni kuwa aikina irin na gayya ne, ko hannu nawa aka kawo akwai kunyar da za a ba shi. Don haka idona yana kan guda biyu: Core i9-14900K na Intel mai ƙwaya 24, da Ryzen 9 7950X mai ƙwaya 16.

Na Intel yana da abin da har yau nake jin rashinsa. A cikinsa akwai sashen da ake kira Quick Sync, wanda ke warware irin nauyayan bidiyon da sababbin kyamarori ke ɗauka, hoton ya riƙa tafiya sumul lokacin tacewa. Abu biyu suka juyar da ni. Na farko, idan aka sakar masa mara yana shan wat 253, a wasu madabod (babban allon da ake dasa kayan kwamfuta a kai) ma ya zarce haka, ni kuma rabin yinina a kan infata da batir nake. Na biyu, mazaunin da yake hawa a jikin madabod ya zo ƙarshen zamaninsa, alhali mazaunin AM5 na AMD a 2022 ya fito, ke nan zan iya canza furosesa nan gaba ba tare da na zubar da madabod ba. Na ɗauki 7950X. Ƙanena ya ce, "Yaya, kuɗinka sun fi yawa, zaɓinka ne," amma na ga bai ji daɗi ba.

Wajen sanyaya furosesa kusan kowa ya ce in sayi mai ruwa, mai famfo da lagireto da fanka uku. Na daɗe ina juya maganar. Wani dattijo mai gyaran kwamfuta da nake kai wa aiki tun ina ɗalibi shi ya warware mini. Ya ce, "Ɗana, in famfon ya tsaya ranar da amarya ke jiran bidiyonta, a ina za ka samo wani kafin magariba?" Mai iska ba abin da zai mutu a jikinsa sai fanka, ita kuwa ko a yau za a samu a kasuwa. Sai na sayi Noctua NH-D15, ƙaton ƙarfe mai hasumiya biyu da fanka biyu. Tsayinsa milimita 165 ne, don haka sai da na auna akwatin kwamfutar kafin in biya, kuma fankar gaba sai da na ɗan ɗaga ta sama saboda tana zama kan ram.

Ranar da na gama haɗawa, cikin watan Disamba, gari da sanyi, na kunna manhajar Cinebench don gwajin furosesa, na buɗe manhajar HWiNFO ina kallon zafinsa. Cikin ƴan daƙiƙu lambar ta haura zuwa digiri 95 ta tsaya cak. Gabana ya faɗi. Na kashe, na kwance ƙarfen, na goge man da ake shafawa tsakaninsa da furosesa, na sa sabo. Digiri 95. Na sake kwancewa na ɗaure kusoshin a hankali, wannan juyi ɗaya wancan juyi ɗaya. Digiri 95. Daren nan ban yi barcin kirki ba, don kuɗin da ke cikin akwatin nan guminmu ne mu biyu.

Sai daga baya na gane haka aka ƙera shi. Wannan zubin na Ryzen yana ƙara gudu ne har sai ya ci karo da ɗayan iyaka biyu, ko wat 230 ko digiri 95, kuma AMD da kansa ya bayyana cewa an tsara shi ya yi aiki a wannan zafin. Ƙwayoyin suna cunkushe a ɗan fili da bai kai farcen yatsa ba, ga murfin ƙarfensa da kauri, don haka zafin ba ya samun fita da saurin da ake haifar da shi. A irin wannan furosesa lambar zafi ba ta faɗa maka ko sanyayawarka na da kyau. Abin dubawa shi ne gudun da yake riƙewa da wat ɗin da yake sha a lokacin da yake kan 95 ɗin. Hankalina ya kwanta, na ci gaba da aiki.

Bazara ce ta koya mini sauran karatun. Ɗakin aikina rufin kwano ne, ba na'urar sanyaya ɗaki, sai fankar sama. A watan Afrilu, da rana ta take, ma'aunin da na rataye a bango yakan nuna 36, wani lokaci ya wuce. Masu gwajin da nake kallo a YouTube yawancinsu a ɗakin da bai wuce digiri 22 ko 23 ba suke aunawa. Ƙarfen sanyayawa ba ƙanƙara yake yi ba. Bututun jan ƙarfen da ke cikinsa suna ɗauke da ɗan ruwa, zafi ya mai da shi tururi ya hau sama, ya huce a jikin faranta, ya dawo ƙasa, fanka kuma ta tura zafin cikin iskar ɗaki. Idan iskar ɗakin da ma mai zafi ce, abin da za ta iya ɗauka ya ragu. Mai lagireto ma haka yake, da iskar ɗakin yake hucewa. Tazarar da ke tsakanin ɗakina da nasu, digiri goma sha wani abu, an cire mini ita tun kafin in danna maɓalli.

Alamun suka bayyana. Fankoki suna kuka ba tsayawa, har ba na jin muryar mai magana a bidiyon da nake tacewa sai na sa abin kunne. Gudun furosesa ya ragu a kan na Disamba. Ɗakin kansa ya ƙara zafi, domin duk wat ɗin da kwamfuta ta sha zafi yake komawa, in ka haɗa na furosesa da na katin hoto tamkar ka ajiye ƙaramin kurfoti a ƙarƙashin tebur ne. In an ɗauke wuta kuwa, batir ba ya kai ni la'asar.

Na fara lissafin sayen mai ruwa, sai na tuna da wani zaɓi a cikin BIOS, wato saitin madabod, da ban taɓa kulawa da shi ba, Eco Mode. Na sa shi a matakin wat 105, wanda ke tsayar da iyakar shan wuta a wat 142 maimakon 230. Na ɗauko aikin biki guda na fitar da shi a manhajar tace bidiyo ta DaVinci Resolve sau biyu, da tsohon saiti da sabo. Bambancin lokacin ɗan kaɗan ne, wanda da ban riƙe agogo ba da ban lura ba. Zafin ya sauko daga 95 ya koma cikin saba'in da wani abu, fankoki suka yi laushi, batir ya ƙara nisa. Dalilin shi ne ƙarshen gudun furosesa shi ya fi tsada: don a ƙara masa ɗan gudu sai an ɗaga ƙarfin lantarki, wutar da yake sha kuma tana ninkuwa fiye da yadda gudun ke ƙaruwa. Wat 88 ɗin da na yafe, ɗan guntun gudu kawai suke sayo mini. Na yi takaicin watannin da na yi ban san da wannan ba.

Daɗin abin ya sa na zarce. Akwai Curve Optimizer, inda ake rage wa ƙwayoyin ƙarfin lantarki don zafi ya ragu. Na sa ragin mataki 25 a kan duka, gwaji mai nauyi ya wuce lafiya. Bayan kwana biyu kwamfutar ta mutu ta tashi da kanta ina tsaka da rubuta wa mai aiki saƙo, ba wani nauyi a kanta. Irin wannan tangarɗar a lokacin hutu ta fi fitowa, sa'ad da ƙwaya ɗaya ta zabura da gudu farat ɗaya. Na mayar da shi ragin 10 na bar shi nan. Bikin mutane ba a maimaita shi, ba zan sa aikinsu a caca saboda digiri uku ba.

Sai ƙura. Hunturun farko ban ɗauke ta da muhimmanci ba, sai da na buɗe akwatin a watan Maris na ga tsakanin farantan ya toshe kamar an shimfiɗa auduga. Yanzu akwatin ya bar ƙasa ya hau tebur. Fanka uku ke shigo da iska ta gaba ta bayan raga, ɗaya ke fitarwa ta baya, don iskar ciki ta fi ta waje ƙarfi, ƙura ta daina saɗaɗowa ta ƙananan kafofi. Daga Nuwamba zuwa Maris duk sati biyu nake cire ragar in wanke, wata-wata kuma in fitar da akwatin tsakar gida in hura shi da bulowa, ina danne fankokin da yatsa don kada iska ta juya su fiye da kima.

Game da gem, ƙanena ne ke da gaskiya. Yawancin ƙwayoyi 16 ɗin zaman banza suke yi idan yana wasa, kuma da 7800X3D muka saya da ya fi samun santsi, da wuta kaɗan. Yanzu yana tara kuɗin haɗa tasa, idonsa na kan 9800X3D da ya fito a Nuwamban 2024, wanda aka mayar da ma'ajiyar ƙarƙashin ƙwayoyin don zafi ya fi saurin fita. Ya tambaye ni ko sai ya sayi mai ruwa. Na cire ma'aunin bangona na ba shi, na ce ya rataye a ɗakinsa tsawon sati, ya riƙa rubuta abin da ya nuna da ƙarfe uku na rana, sannan mu zauna mu yi lissafi.