Lambuna a bakin kogin Gash

Ƙarfe uku na dare nake tashi, domin lalo da jarjir, wani ganye da ake ci ɗanye, ba sa jiran rana. Kafin kiran assalatu mun yanke, mun ɗauraye a bakin rijiya, mun ɗaure dami-dami, mun lulluɓe da jiƙaƙƙen buhu a kan karo, wato amalanken jaki. In jaki ya makara ya isa kasuwar Kassala, garinmu a gabashin Sudan, da hantsi, rabin kuɗin ya tafi. Mata 'yan kiri su ɗaga dami, su ga ya yi laushi, su ajiye ba ko tayi.

Albasa tana hawa babbar mota ta kai Bur Sudan lafiya lau, dawa ta zo mana daga Gadarif ta yi watanni a buhu. Ganye kuwa ba ya tafiya, dole a noma shi a gindin garin da zai ci shi. Abin da ya riƙe irinmu ke nan.

Faddan uku (kamar eka uku) gare ni a unguwar lambuna ta sawagi na kudu, gadon mahaifina, da ma'aikata huɗu. Sunan sawagi daga sagiya ya fito, wato abin jan ruwan da shanu ke juyawa a da. Ni da babur, wato injin famfo mai shan mai, na tashi na ga ana ban ruwa. Gash daga duwatsun Eritiriya yake gangarowa, ya yi kamar wata uku yana gudu da damina, sauran shekara yashi ne zalla, yara na buga ƙwallo a kai. Ruwan da ya nutse cikin yashin nan shi muke ja, shi kuma garin ke sha. Sau biyu ina ƙara wa rijiyar mahaifina zurfi.

Da yaƙi ya ɓarke a Afrilun 2023, man babur ya nemi ya cinye ni. Na sayar da shanu biyu na sa faranti masu aiki da hasken rana. Sai wata matsala ta ɓullo: famfo ba ya ƙarfi sai rana ta take, ganye kuma ba ya son ruwan tsakar rana. Dole na gina kwatarnin siminti, ya cika da rana, mu sake shi cikin fangali bayan la'asar. Wannan gyaran ya fi farantan kansu amfani a wurina.

Mutanen Khartum suka kwararo, na Wad Madani suka biyo baya a Disamban shekarar. Bakuna suka yi yawa, ban taɓa komawa gida da dami ko ɗaya ba. Ina shuka abu sab'in, wata dawa ta abincin dabbobi, a gefe don masu awaki a cikin gida, su kuma su tara mini taki, karo ya je da ciyawa ya dawo da kashin awaki.

Amma cikar garin nan ita ce ke hana ni barci. Maƙwabcina na gabas ya sayar, an sare mangwarorinsa, an yanka wurin fuloti-fuloti. Yanzu katangar bulo ce ke kallon kuɓewata, kuma kowane gida zai haƙa shadda, taku kaɗan daga rijiyar da nake wanke abin da mutane za su ci ɗanye. Wannan ya fi komai damuna.

Ranar Juma'ar da ta wuce dillali ya same ni ina gyara kwari.

"Alhaji, kuɗin da za a ba ka, lalo ba zai kawo shi ba ko a shekara ashirin."

"Na sani, Malam. In na karɓa, yaran nan huɗu ina za su?"

Ya ce zai dawo bayan sallah. Babban ɗana yana tsaye bai ce uffan ba, sai da dare ya ce, "Baba, a dai yi tunani." Na ce masa to. Washegari muka zuba irin albasa a fangali shida na jikin katangar.